John Scott Haldane, likitan da ya auna hanyar dawowa daga ƙarƙashin ruwa

Wanda ya tashi a unguwar Ali Kazaure cikin garin Jos ba ya buƙatar a ba shi labarin kududdufan kuza. Ya gan su a wajejen Rayfield da Bukur da Barikin Ladi, ruwansu shiru, bakinsu a tsaye kamar an yanka da wuƙa, kuma tun yana ƙarami iyaye suka ja masa kunne kada ya kusance su. Ramuka ne da kamfanonin haƙar ma'adinai suka tona suka tafi suka bari, damina ta cika su. Idan tsautsayi ya rutsa da wani a cikinsu, akan nemo gwanayen ruwa su shiga nema, jama'a na tsaye a gaɓa suna ƙidayar daƙiƙoƙi har kan mai nutson ya ɓullo. Da zarar ya ɓullo sai hankali ya kwanta, domin a tunanin kowa hatsarin ruwa yana ƙarewa ne a inda ruwan ya ƙare.

Ga wanda ya nutsa da numfashin ƙirjinsa kaɗai, galibi haka abin yake. Amma ga wanda ya sauka da tulun iska goye a bayansa, ko da tiyon da inji ke tura masa iska daga sama, akwai wani ciwo da yake jira sai mutum ya fito, ya tuɓe kayan ruwa, wani lokaci har ya ci abinci ya kama hanyar gida, sannan ya bayyana. Mutumin da ya fara tsara wa duniya lissafin kauce wa wannan ciwo wani likita ne ɗan ƙasar Scotland mai suna John Scott Haldane, wanda shi ma ramukan ma'adinai ne makarantarsa ta gaskiya, har da ramukan kuza.

An haife shi a birnin Edinburgh a watan Mayun 1860, a gidan da ilimi da mulki suka haɗu. Mahaifinsa lauya ne. Yayansa, Richard Burdon Haldane, shi ne ya riƙe ma'aikatar yaƙi ta Birtaniya daga 1905 zuwa 1912, daga baya ya zama shugaban ɓangaren shari'a na ƙasar. Kawunsa, John Burdon Sanderson, farfesa ne na ilimin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar Oxford. John ya yi karatu a Edinburgh da kuma Jena ta ƙasar Jamus, ya kammala karatun likita a 1884. Sai dai bai buɗe ɗakin duba marasa lafiya ba. Ya tafi garin Dundee, inda shi da wani masanin sinadarai mai suna Thomas Carnelley suka riƙa shiga gidajen talakawa da tsakar dare, da azuzuwan makarantu, da magudanan ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa, suna ɗibar iskar wurin a kwalabe suna aunawa. Tambayar da ta dame shi tun daga nan ita ce ta rayuwarsa gaba ɗaya: me ke cikin iskar da ma'aikaci yake shaƙa, kuma me take yi masa? A 1887 ya koma Oxford wajen kawunsa, kuma a can ya zauna har ƙarshen ransa.

Hanyar bincikensa ba ta da wuyar bayani, wuyar aikatawa gare ta. Idan yana son sanin abin da wata iska mai guba take yi wa ɗan Adam, sai ya rufe kansa a cikin akwati ya shaƙe ta, yana rubuta abin da yake ji har hannu ya daina biyayya. Haka ya yi da kabon monoksaid, iskar nan marar launi marar wari da take kashe iyalai a ƙasar nan idan suka kwana da janareta ko gawayi a ɗaki a rufe. Ya shaƙe ta da gangan, ana ɗibar jininsa lokaci bayan lokaci, har ya gane yadda take kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. A watan Janairun 1896, lokacin da mahaƙar kwal ta Tylorstown a yankin Wales ta fashe mutum 57 suka halaka, ya je ya duba gawarwakin, ya tarar mafi yawansu ba wuta ce ta ƙone su ba, ba kuma dutse ne ya danne su ba, wannan iskar ce ta same su bayan fashewar. Daga nan ya ba da shawarar masu ceto su riƙa sauka da ɓera ko ƙaramin tsuntsu, domin ƙaramar halitta mai saurin numfashi takan faɗi tun kafin mutum ya ji komai. Wannan ne asalin kanarin da mahaƙan kwal na Birtaniya suka riƙa ɗauka a keji har shekarar 1986, tsuntsun nan dai da ake ratayewa a zaurukanmu don daɗin kukansa.

A farkon ƙarni na 20, daidai lokacin da Turawa suka fara hawowa tsaunukan Jos neman kuza, Haldane yana cikin ramukan kuza na Cornwall a kudu maso yammacin Ingila. Mahaƙan ramin Dolcoath suna fama da ƙarancin jini, kowa yana ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Shi da wani matashin likita, Arthur Boycott, suka gano cewa tsutsar ciki ce mai shan jini, wadda ke yaɗuwa ta bahaya a cikin ramin mai zafi da danshi. Ya kuma binciki ciwon huhun da ke cinye masu aiki da injin huda dutse, ya danganta shi da ƙurar dutsen. A 1905 shi da John Gillies Priestley suka wallafa binciken da ya ɗaukaka sunansa a tsakanin masana, inda suka nuna cewa abin da ke tafiyar da numfashin mutum a yau da kullum shi ne yawan kabon dayoksaid a jini, ko ɗan ƙaruwarsa kaɗan yakan sa numfashi ya ninka.

Da wannan suna ne rundunar sojan ruwan Birtaniya ta neme shi a kan matsalar masu nutsonta. Ciwon da ake magana a kansa ya riga ya yi shekaru sittin yana ɓarna. Tun a shekarun 1840 injiniyoyi a Faransa suka fara tura matsattsiyar iska cikin ramuka don korar ruwa, ma'aikata suna aiki a ciki lafiya lau, sai sun fito ciwon gaɓoɓi ya kama su. Haka ya faru a ginin gadar St. Louis a kan kogin Mississippi wajen 1870, inda ma'aikata fiye da goma suka mutu, da kuma gadar Brooklyn ta birnin New York, inda babban injiniyan aikin kansa, Washington Roebling, ya kamu a 1872 ya nakasa, har matarsa Emily ce ta riƙa kai umarninsa wurin aiki. Ma'aikatan suka laƙaba wa ciwon suna mai nufin lanƙwashewa, saboda yadda wanda ya kamu yake tafiya a duƙe. Wani Bafaranshe, Paul Bert, ya bayyana musabbabinsa a babban littafinsa na 1878.

Musabbabin kuwa shi ne: iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita. Tana shiga jini ta huhu ta narke, kamar sukari a shayi, kuma jikin baligi yana ɗauke da kimanin lita ɗaya tata a kowane lokaci ba tare da wata illa ba. A ƙarƙashin ruwa kowace mita 10 tana ƙara wa jiki matsi daidai da nauyin dukkan iskar sararin sama. Wanda ke mita 10 yana ɗauke da ninki biyu, wanda ke mita 30 ninki huɗu. Dole iskar da ake ba shi ta zo da irin wannan matsin, in ba haka ba ƙirjinsa ba zai buɗe ba, saboda haka naitirojin take ta kwarara cikin jini da tsoka da kitse gwargwadon zurfi da daɗewa. Muddin yana ƙasa babu abin da zai ji. Idan ya taso da gaggawa, sai abin da ke faruwa da kwalbar lemo idan aka ɓalle marfinta ya faru a cikin jikinsa: iskar da ta narke ta koma kumfa, a jijiyoyin jini, a mahaɗar ƙasusuwa, a cikin laka. Shi ya sa mai nutso da numfashi ɗaya bai cika gamuwa da wannan ba, domin bai shaƙi matsattsiyar iska ba kuma bai daɗe ba.

Bert ya ce a taso a hankali. Kowa ya yarda da haka, amma a hankali nawa? Masana na lokacin sun ba da shawarar a riƙa jawo mutum sannu a hankali da gudu iri ɗaya tun daga ƙasa har sama, abin da ke cin sa'o'i, ga sanyi, ga igiyar ruwa, kuma duk da haka mutane suna kamuwa. Kwamitin da aka kafa a 1905 ya ba Haldane abokan aiki biyu: Boycott, abokinsa na ramukan kuza, da wani hafsan sojan ruwa mai suna Guybon Damant. Abin da ya fara warwarewa ma ba ciwon kumfar ba ne. Masu nutso suna sumewa a ƙasa, ana cewa nauyin ruwa ne; shi kuwa ya auna iskar cikin kwalkwalinsu na tagulla ya ga numfashinsu ne ke taruwa a ciki, ya ce a ƙara yawan iskar da famfo ke turawa daidai da zurfi. Da aka yi haka, sumewar ta ragu ƙwarai.

Sai aka shiga babban aikin a Cibiyar Lister da ke Landan, a cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da attajiri Ludwig Mond ya bayar, wadda za a iya cika ta da iska a kuma rage yadda aka ga dama. Aka zuba awaki 85 a gwajin. An zaɓi akuya ne saboda ɓera da zomo sun yi ƙanƙanta, jininsu yana zagayawa da sauri har iskar ta fice ba ta yi kumfa ba, ita kuwa akuya ta fi kusa da mutum. Kuma akuya ba ta ɓoye ciwo. Wadda abin ya taɓa ta kaɗan sai a ga ta ɗage ƙafa ɗaya ta ƙi taka ta, minti kaɗan bayan an buɗe tukunyar. Wadda ya fi kamawa sai ƙafafun baya su shanye ta zube. Wata numfashi ne zai sarƙe mata, kuma irin wannan ita ce ta fi kusa da mutuwa. Masu binciken suka rubuta kowace alama da lokacin da ta bayyana, akuya bayan akuya. Wanda ya karanta bayanin awakin nan ya kuma karanta abin da likitocin masu nutso suke koyarwa a yau zai ga jerin bai sauya sosai ba.

A jikin mutum, alamar da ta fi yawa ita ce ciwo mai zurfi a gaɓa, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, wani lokaci gwiwar ƙafa ko ƙugu. Ciwo ne kamar ana huda ƙashi daga ciki, ba kumburi, ba rauni a waje, kuma sauya kwanciya ko tausa ba su rage shi. Akwai gajiya wadda ta wuce aikin da aka yi, irin wadda mutum zai ji kamar zazzaɓi ne ke shirin kama shi. Fata takan yi ƙaiƙayi, ko ta yi dabbare-dabbare a ƙirji da ciki da kafaɗu, abin da ke da wuyar gani a baƙar fata sai an duba da kyau a cikin haske. Waɗannan su ne masu sauƙi, kodayake mai sauƙin yakan zama share fagen mai tsanani. Idan kumfar ta taɓa laka, sai a ji sagewa ko tsira kamar ta allura a ƙafafu da hannuwa, ko ciwo ya ɗaure ƙugu kamar ɗamara, ƙafafu su yi nauyi, tafiya ta gagara, fitsari ya ƙi fita. Idan ta taɓa kunnen ciki, sai jiri mai tsanani da amai da ƙarar kunne ko kurumta. Idan ƙwaƙwalwa ce, sai ruɗewa, ciwon kai, gani dishi-dishi, magana ta harɗe, ko ɗabi'ar mutum ta sauya har abokan tafiyarsa su lura kafin shi. Idan kuwa ta cika jijiyoyin huhu, sai zafin ƙirji da busasshen tari da sarƙewar numfashi, kamar dai akuyar nan ta uku.

Lokacin bayyanar shi ne abin da ya fi yaudarar mutane. Da yawa sukan ji alamar farko a cikin sa'a guda da fitowa, mafi yawa a cikin 'yan sa'o'i, kusan duka kafin cikar sa'o'i 24. Tsakanin fitowa daga ruwa da fara ciwon akwai isasshen lokacin da mutum zai samo wa kansa wani dalili: ya ɗauki kaya mai nauyi, ya kwanta a kan hannu, rana ta buge shi, ko maleriya ce. A ƙasar da duk wata kasala sunanta maleriya, wannan dalili na ƙarshe shi ya fi kusa da baki. Likitan da ba a gaya masa an yi nutso ba shi ma can zai nufa.

Abin da Haldane ya hango, wanda ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi, ya fito ne daga wata lura mai sauƙi. Ya ga cewa ma'aikatan da suka yi aiki a matsin da bai wuce na mita 10 ba, ko da sun wuni a ciki, sukan fito kai tsaye ba su kamu ba. Ke nan jiki yana jure a rage masa matsi daga ninki biyu zuwa ɗaya. Sai ya ce, in haka ne, abin lura shi ne rabi: daga ninki huɗu zuwa biyu, ko daga shida zuwa uku, ya kamata su ma su zama lafiya. Mai nutson da ke mita 50 zai iya tasowa da hanzari zuwa mita 20, ya bar zurfin da ke ƙara cusa masa naitirojin, sannan ya tsaya. Daga nan sai ya riƙa hawa mataki-mataki, kowane mataki kimanin mita 3, yana daɗa tsawaita tsayuwa yayin da yake kusantar sama. Jan mutum a hankali tun daga ƙasa, a lissafinsa, ɓata lokaci ne a inda jiki ke ci gaba da sha, da kuma gaggawa a inda ya kamata a jira.

Don ya san tsawon kowace tsayuwa, sai ya ɗauki jiki kamar sassa biyar masu shan iska da sakinta da gudu daban-daban. Sashen da jini ke yawan ratsawa yakan cika rabi a minti 5, na biye a minti 10, sai 20, sai 40, sai mafi nawa a minti 75, kamar kitse da mahaɗar ƙasusuwa, ga shi kuma kitse yana shan naitirojin kusan ninki biyar na abin da ruwa ke sha. Da wannan lissafi ya fitar da jadawali: zurfi kaza, minti kaza, tsaya a nan minti kaza. A 1906 aka kai gwajin teku, a mashigin Loch Striven na Scotland, inda Damant da wani jami'in sojan ruwa mai suna Andrew Catto suka sauka har mita 64, zurfin da ba a taɓa kaiwa ba a lokacin, suka dawo lafiya. An wallafa binciken a 1908 da sunayen Boycott da Damant da Haldane, rundunar ta karɓi jadawalin, sauran ƙasashe suka bi sahu.

A wannan tafiya ta Loch Striven har ɗansa ya sa aka saukar cikin ruwa, yaro ɗan shekara 13, a cikin rigar nutso ta manya wadda ta yi masa yawa har ruwa ya riƙa shiga. Yaron nan shi ne J. B. S. Haldane, wanda ya zama shahararren masanin gadon halitta. Tun yana ƙarami uban ya taɓa kai shi cikin ramin kwal, ya sa shi ya miƙe tsaye yana karanto wani jawabi daga wasan kwaikwayon Shakespeare har ya yanke jiki ya faɗi, don kawai ya koya masa cewa iskar gas mai sauƙi a sama take taruwa, mai kyau tana ƙasa. A yau da hukuma ta shiga maganar. Abin da za a iya faɗa don kare shi shi ne bai taɓa sa wani ya shaƙi abin da shi bai riga ya shaƙa ba. 'Yarsa Naomi Mitchison, wadda ta tashi a wannan gida mai ɗakin gwaji a cikinsa, ta zama fitacciyar marubuciya.

Lissafin nasa bai cika ba, kuma shekaru sun nuna inda ya gaza. Dokar rabi ta yi tsauri fiye da kima ga gajeren nutso, ta kuma yi sassauci ga dogon zama a zurfi, har waɗanda suka biyo baya suka ƙara sassa masu nawar da ta wuce minti 75 nesa ba kusa ba. Amma ginin nasa ne ake ta gyarawa. Lokacin da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙa daga tulun baya a 1943, nutso ya fita daga hannun sojoji da 'yan kwangila ya zama abin shaƙatawa, kuma ƙaramar kwamfutar da mai yawon buɗe ido yake ɗaurawa a wuyan hannu a yau jikanyar wannan jadawali ce. Daga can ne aka gaji ƙa'idar tasowa da gudun da bai wuce kimanin mita 9 ko 10 a minti ba, da tsayuwar minti uku a mita 5 kafin a fito.

Najeriya ta ga aikin wannan ilimi a fili a watan Mayun 2013, lokacin da jirgin ja mai suna Jascon-4 ya kife a tekun da ke kusa da Escravos ya nutse zuwa kimanin mita 30. Mai dafa abincin jirgin, wanda shi kaɗai ya tsira cikin mutum 12, ya rayu kusan sa'o'i 60 a wani ɗan sararin iska da ya maƙale a cikin jirgin. Masu nutson da suka je ɗauko gawarwaki suka same shi da rai. Iskar da ya shaƙa duk tsawon wannan lokaci tana ƙarƙashin ninki huɗu na matsi, jikinsa ya ƙoshi da naitirojin, kuma da an yi abin da tausayi ke umarta, wato a fito da shi sarari nan take, da wuya ya kai gaɓa. An shigar da shi cikin ƙararrawar masu nutso, daga nan zuwa ɗakin matsi, inda ya ƙara fiye da kwana biyu ana rage masa matsin kaɗan-kaɗan kafin ya ga rana.

Haldane ya bi matsin iska ta ɗaya ɓangaren ma. A 1911 shi da Claude Gordon Douglas da Amurkawa biyu, Yandell Henderson da Edward Schneider, suka yi makonni a ƙololuwar dutsen Pikes Peak na jihar Colorado, mai tsayin kimanin mita 4,300, suna auna yadda jiki ke sabawa da siririyar iska. Daga can ya dawo da ra'ayin cewa huhu yana iya tura oksijin cikin jini da ƙarfin kansa, ra'ayin da sauran masana suka rushe amma shi ya riƙe har ya mutu. Yana da taurin kai, kuma ba kullum ne taurin kan ya yi masa rana ba.

Haɗuwar zurfi da tudu ita ce ta dawo da maganar gida. Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200, inda nauyin iska ya gaza na bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin takwas. Wanda ya nutsa da tulun iska a kududdufin kuza ko a wata madatsar ruwa ta Filato, idan ya taso, yana fitowa ne zuwa matsin da ya fi ƙasa da wanda aka gina jadawalin teku a kansa, saboda haka kumfa ta fi saurin tashi. Masana irin su Albert Bühlmann na Zurich sun tsara jadawali na dabam don tafkunan kan tsaunuka. Haka nan wanda ya yi nutso a ƙasa sannan ya hau mota ya haye Hawan Kibo a ranar, ya ƙara rage wa jikinsa matsi bai sani ba. Jirgin sama ya fi haka, domin iskar cikinsa takan yi daidai da ta tsayin da ya kai mita 2,400. Ma'aikacin da aka tura taro Sharm el-Sheikh ko Zanzibar ko Mombasa, aka gayyaci tawagarsu nutson shaƙatawa a ranar ƙarshe, ga tikitin komawa Abuja da asuba, shi ne ainihin wanda wannan magana ta shafa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a jira aƙalla sa'o'i 12 bayan nutso ɗaya marar zurfi, aƙalla 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, fiye da haka kuma idan nutson ya buƙaci tsayuwar dole. Wanda ya ji ɗaya daga cikin alamun nan kada ya hau jirgi, kada kuma ya koma ruwa da niyyar gyarawa. A kwantar da shi, a ba shi tsantsar oksijin da wuri, a ba shi ruwan sha idan yana cikin hayyacinsa, a gaya wa likita zurfin da ya kai da lokacin da ya fito, a nemi ɗakin matsi mafi kusa ko da alamun sun lafa, domin sukan lafa su dawo, kuma lakar da aka bari ta kwana da kumfa ba kullum take warkewa ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake jefa Haldane cikin guba. Bayan Jamusawa sun saki gas a Ypres ranar 22 ga Afrilun 1915, gwamnati ta tura shi fagen daga, ya duba waɗanda suka mutu da waɗanda ke shure-shure, ya tabbatar da cewa kulorin ce. Ya dawo ya shiga ɗakin gwaji shi da abokan aikinsa suna shaƙar ta don gwada abin rufe hanci da aka aika wa sojoji, daga baya ya ƙera na'urar ba wa waɗanda gas ya ƙona wa huhu oksijin. A cikin wannan shekarar ce jaridu suka taso yayansa a gaba da zargin son Jamusawa har ya rasa kujerarsa a gwamnati, alhali ƙanin yana ƙona huhunsa saboda sojojin ƙasar.

Sauran shekarunsa ya ba da su ga mahaƙa. Ya jagoranci ɗakin binciken ma'adinai a Doncaster, daga baya a Birmingham, kuma injiniyoyin ma'adinai na Birtaniya suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu daga 1924, shi da ba injiniya ba. Laccocin da ya gabatar a Jami'ar Yale sun zama littafinsa a kan numfashi na 1922. Ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society, wadda ya zama ɗanta tun 1897, ta ba shi babbar lambarta ta Copley a 1934. Yana da shekara 75 ya tafi ƙasar Farisa don binciken yadda zafin rana ke kayar da ma'aikatan man fetur. Ya dawo cikin sanyin Ingila, ciwon sanyin huhu ya kama shi, ya rasu a gidansa na Oxford a tsakiyar watan Maris na 1936.